Wasiƙar Iyaye: Kalmar Sirrin Admin Ta Zauna a Hannunku

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu,

Da fatan kuna lafiya, ku da iyali. A wannan zangon ɗaliban manyan azuzuwa sun shiga darasin saka manhaja a kwamfuta, kuma tun makon farko wasunku suka fara aiko da tambaya: yaro ya ce kwamfutar gida tana neman kalmar sirri, a faɗa masa ko kuwa? Shawararmu ita ce kada a faɗa. Ku taso ku duba allon da idonku, in kun gamsu ku rubuta da hannunku.

Kwamfuta ta san mutane iri biyu. Akwai mai asusun gama-gari, wanda zai yi rubutu, ya shiga intanet, ya adana aikinsa. Sai kuma admin, mai riƙe da makullan gida duka. Shi ke saka manhaja ya cire, ya taɓa fayilolin da Windows kanta ta dogara da su, har ya kashe manhajar da ke tsare na'ura daga bairos. Abin da yara ba sa lura da shi kuwa, in suka danna ɓangaren dama na linzami suka zaɓi "Run as administrator", ikon ba hannunsu ya shiga ba. Manhajar aka miƙa wa. Duk abin da marubucinta ya ƙulla, alheri ko sharri, ya samu ƙofa a buɗe.

A zamanin Windows XP yawancin mutane a matsayin admin suke wuni, shi ya sa mugun fayil da aka buɗe bisa kuskure yake cin karensa babu babbaka. Daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, Microsoft ta sa shinge: allo ya dushe, wani akwati ya fito yana neman izini. Wannan dushewar ba lalacewa ba ce, an yi ta ne don kada wata manhaja ta amsa tambayar a madadinku. Sai dai shingen yana da rauni ɗaya. In yaro a asusun admin yake zaune, danna "Yes" kawai ake nema a wurinsa, kuma mun gani a aji, kafin ƙiftawar ido sun danna, ko layi ɗaya ba su karanta ba. A asusun gama-gari ne kawai kwamfuta ke tsayawa sai an kawo kalmar sirri.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya buɗe wa yara nasu asusun. A Windows 10 da 11 ana yi ne ta "Settings", sannan "Accounts", a ƙara mutum a bar shi a matsayin "Standard". Aikin 'yan mintoci ne. Masu kwamfutar Apple su ma za a nemi sunan admin da kalmarsa, masu Linux kuma umarnin "sudo" ne ke yin wannan aiki.

In akwatin ya fito, ku fara tambayar yaron me ya danna. Idan ya ce bai danna komai ba, a zaɓi "No". Ku duba sunan kamfanin da ya yi manhajar; in an rubuta ba a san shi ba, a dakata tukuna. Wasannin kuɗi da aka ce an ɓalle makullinsu ana samunsu kyauta, da masu cewa sai an kashe rigakafin bairos kafin su yi aiki, waɗannan kam ko shawara ba sa buƙata, a ƙi su kawai. Rubutu, bincike da kallon darasi duk ba sa neman ikon admin.

Duk manhajar da muke so a saka a gida za mu rubuto sunanta da inda za a sauke ta a littafin aikin gida, da sa hannun malami. Wanda bai ga haka ba ya riƙe kalmarsa. Mai son a taya shi buɗe asusun yara zai iya kawo kwamfutarsa ɗakin kwamfuta bayan an tashi.

Wassalam,
Malamin kwamfuta, a madadin hukumar makaranta