Wasiƙa zuwa ga ɗana kan inda zai ajiye sirrin mutane

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, na ga ya dace in rubuto maka game da maganar da muka fara a waya ranar Juma'a. Ka ce za ka buɗe ofishinka na lauya bayan Babbar Sallah, kuma ka tambaye ni ko ka ci gaba da amfani da imel ɗin da ka buɗe tun kana sakandare. Ban goyi bayan haka ba, domin daga ranar da ka kafa allo a ƙofar ofis, abin da zai riƙa shigowa akwatin saƙonka dukiyar mutane ce da mutuncinsu: takardun rabon gado, da shaidar mallakar fili, da koken matar da za ta gaya maka abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba.

Shekaru talatin na yi ina aikin rajista, kuma duk lokacin da aka kawo sabon kabad, tambayar da manyanmu ke fara yi ita ce: wa zai riƙe makullin? Ita ce tambayar da nake so ka yi wa kowane kamfani. Gmail yana da tsaro mai ƙarfi daga masu kutse, kuma tun 2017 Google ya daina duba wasiƙun mutane don tsara musu talla, sai dai makullin yana hannun kamfanin, yana iya buɗe abin da ka ajiye, kotu ma tana iya sa shi ya buɗe. Akwai waɗanda suka gina aikinsu ta yadda saƙo ke kulluwa da makullin da kai kaɗai ka mallaka. Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka kafa a 2014 a Suwizalan, yana cikinsu, haka nan Tuta na ƙasar Jamus, wanda a da ake kira Tutanota. Ni Proton nake amfani da shi, amma Tuta ya fi shi da abu guda, wato yana kulle har kan maganar wasiƙa.

Kada ka ɗauka cewa hakan ya ɓoye ka gaba ɗaya. A 2021 hukumomin Suwizalan sun tilasta wa Proton ya miƙa adireshin intanet (wato lambar da ke nuna daga inda ake shiga intanet) na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa, kuma ya miƙa, duk da cewa abin da ke cikin wasiƙun bai buɗu ba. Haka kuma idan ka aika wa mai Gmail wasiƙa, kwafin da ya isa wurinsa a buɗe yake, sai in ka sa wa wasiƙar kalmar sirri, sannan ka gaya masa ita baki da baki.

Batun kalmar sirri kuwa, a jikina na koye shi. Na daɗe ina amfani da kalma ɗaya a ko'ina, sunan ƙauyenmu haɗe da shekarar haihuwata. Wata rana da asuba, ina fitowa daga masallaci, wani aminina ya tare ni yana tambayar wane asibiti aka kwantar da ni, ashe an aika wa mutane saƙo da sunana ana neman taimakon kuɗi. Wani shafi da na yi rajista a cikinsa na manta aka fasa, ɓarayin suka gwada kalmar a imel ɗina, ta buɗe. Irin wannan ba sabon abu ba ne: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma sai a 2017 aka bayyana cikakken adadin. Saboda haka ka sami manhajar ajiyar kalmomin sirri wadda za ta ƙirƙira wa kowane shafi tasa daban. Bitwarden yana da tsarin kyauta mai wadatarwa, kuma yadda aka rubuta shi a bayyane yake ga duk masanin da ke son bincika. Idan ka fi son kada komai ya bar kwamfutarka, akwai KeePassXC.

Dukkan ajiyar za ta rataya ne a kan babbar kalma guda, don haka a nan nake so ka fi natsuwa. A 2022 an sace kwafin rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhajar ajiyar kalmomin sirri, kuma ko da yake a kulle suke, waɗanda babbar kalmarsu gajera ce su ne suka fi shiga haɗari. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida waɗanda ba su da alaƙa da juna, babu sunan ɗa, babu sunan gari. Ka sani kuma cewa kamfanin da ba ya riƙe makullinka ba zai iya ceto ka ba ranar da ka manta. Ka rubuta kalmar da hannunka a takarda, tare da jerin kalmomin farfaɗo da asusu da za a ba ka, ka sa a ambulan, ka ajiye a akwatin da takardun gidanka suke. Ka sanar da maiɗakinka inda take, domin rai na hannun Allah, kuma bai kamata haƙƙin marayu ya maƙale a cikin kwamfuta ba saboda lauyansu ya rasu da kalmar a ransa.

Bayan kalmar sirri, akwai lambar tabbatarwa da ake nema kafin a shiga asusu. Kada ka dogara da wadda ake turowa ta saƙon tes, tunda 'yan damfara suna iya sa a mayar da layinka kan wani sim ɗin. Manhaja irin Aegis tana samar da lambar a cikin wayar kanta.

Sai takardu. Kwanan baya na je wani shagon buga takardu a bakin kasuwa, yaron shagon ya buɗe kwamfutarsa a gabana, sai ga katunan NIN na mutane, da sakamakon asibiti, da takardun filaye, a jere kamar tumatir a faifai, ba wanda ya goge. Ka sayi na'urar ɗaukar hoton takardu taka, ko da ta hannu ce. Ka ajiye hotunan a Proton Drive, ma'ajiyar Proton ta intanet, ko ka kulle su da manhajar Cryptomator kafin ka ɗora su ko'ina. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa irinku nauyi, kuma kai ka fi ni sanin sassanta. Ka riƙa ajiye kwafi na biyu a kulle a na'urar ajiya cikin gidanka, domin kamfanoni suna rufewa: Skiff, wani kamfanin imel da ajiyar takardu wanda mutane da yawa suka amince wa, kamfanin Notion ya saye shi a 2024 aka rufe shi, kowa ya shiga kwashe kayansa.

Na san biyan kuɗi da dala ko yuro yana da zafi a wannan lokaci, amma ina ba ka shawara ka biya kuɗin imel ɗin, ka kuma sayi adireshin imel mai ɗauke da sunan ofishinka, ta yadda ko ka sauya kamfani, adireshin zai bi ka. Idan kuɗin shekarar farko ya yi maka nauyi, ka gaya mini, ni zan biya.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana kuma tambayar yaushe za ka kawo mata yara. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon riƙe amana.

Mahaifinka.