Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni da wane ido zan kalle ta

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ban san sunanki ba, ban taɓa ganin fuskarki ba, muryarki kawai na sani. Ke ce kika bugo waya ana dab da rufe shirin rediyon da aka gayyace ni a nan Jos, inda na ce a ƙara kuɗin abinci da na magani a gidajen yari, a kuma ɗauki ƙarin ma'aikata. Kika ce 'yan sara-suka sun tare ɗanki da magariba, suka ƙwace masa waya, suka sare shi a kafaɗa, kuma tun daga auduga har zaren ɗinki da kuɗinki kika saya. Sannan kika ce: "Malam, wanda aka sara ko fanadol ba a ba shi kyauta ba, kai kuma kana roƙa wa wanda ya yi saran likita da abinci. Da wane ido za ka kalle ni?" Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Na koma gida da tambayarki, kuma har yau ba ta bar ni na huta ba.

Allah Ya ba yaron lafiya, Ya mayar miki da abin da kika kashe. A kan abin da ya fi yi miki ciwo, gaskiya na wurinki. A ƙasar nan wanda aka zalunta shi ake bari da ɗawainiya. Shi zai biya asibiti, shi zai yi ta sintiri tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu har ya gaji ya bar wa Allah. Ba ni da bakin kare wannan. Sai dai maganar da na yi ban janye ta ba, kuma zan gaya miki dalili, a matsayina na wanda ya yi shekaru yana aikin jinya a bayan katanga kafin ya yi ritaya.

Idan aka ce gidan yari, fuskar wanda ya sari ɗanki kike gani. Ni fuskokin da nake gani sun fi haka yawa. A cikin mutum uku da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya, kusan biyu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai masu laifi, babu shakka. Akwai kuma wanda kame ya rutsa da shi yana dawowa daga kasuwa, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda ake kwasar samari bayan an yi tashin hankali a unguwa. Akwai wanda aka ba beli amma ya rasa mai tsaya masa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi ma suka kafa irinta, ta ce umarnin tsare wanda ake zargi kwana 14 ne a karon farko, sai an koma gaban alƙali kafin a ƙara. A aikace kuwa, fayil zai kwanta a ma'aikatar shari'a ana jiran shawara, a yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, ranar zaman kotu ta zo a rasa man da za a zuba wa motar kai fursunoni. Kwana 14 ya zama shekaru. Na sha yi wa mutum magani wanda zaman jiran da ya yi ya zarce ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifin. Allah Ya kiyaye, amma da a ce ranar da aka sari ɗanki an yi kame a layin, yana iya kasancewa cikin waɗanda aka kwasa.

To, mu ajiye waɗannan, mu ɗauki mai laifin sosai, wanda aka kama da wuƙa a hannu. Alƙali ya yanke masa shekaru. Bai yanke masa tarin fuka ba, bai yanke masa yunwa ba. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya riƙe mabuɗi, ciyarwa da magani sun hau kansa. Ke da kike waje, duk tsananin rayuwa, kina iya cin bashi, kina iya zuwa kemis, kina iya buga wa ɗan'uwa waya. Wanda aka kulle ko ruwan sha sai an miƙa masa. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, suka ce lafiyar fursuna alhakin gwamnati ce, a duba shi da zarar ya shigo, a kuma yi masa magani kyauta daidai da wanda ake samu a gari.

Amma na san zuciyar da aka ƙona ba ta cika sauraron maganar haƙƙin wanda ya ƙona ta ba. Saboda haka bari in yi miki maganar gidanki.

Tarin fuka ta iska yake bi. Ki ɗauki ɗakin da aka gina don mutum kaɗan, a cika shi har ana kwana gefe da gefe, wanda zai juya sai na kusa da shi ya juya. Hunturu ya shigo, a toshe 'yar tagar da tsumma saboda sanyi. Mutum ɗaya ya fara tari, kuma iskar da ya fitar ita kowa zai shaƙa har gari ya waye. Maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya, wata shida ake sha, kuma yana warkarwa. Sai dai kafin a ba mutum sai an gano shi, kafin a gano shi sai an kai majinarsa ɗakin gwaji, kuma wannan na bukatar mota da mai da wanda zai kai. Idan ciwo ya yi tsanani aka ce a kwantar da shi a asibitin gari, sai an cire ganduroba daga bakin aiki su raka shi, su zauna gefen gadonsa dare da rana. Na taɓa tsayawa a gaban shugaban wani gida ina roƙon a fitar da mara lafiya, shi kuma yana ƙirga mutanen da za su rage masa a kan katanga idan ya ba ni biyu. Ba mugu ba ne, hannu ne ba shi da shi. Sai da gari ya waye aka samu fitar da mutumin, kuma daren nan ban manta da shi ba.

Wanda ya fara shan maganin kuma yunwa ke hana shi ƙarasawa, domin ƙwayoyin suna da ƙarfi, jikin da ba ya ƙoshi ba ya jure musu. Wani kuma yana wata na uku kotu ta sallame shi, ya fita babu takardar da zai kai asibitin unguwarsu ya ci gaba. Wanda ya yanke magani a tsakiya, ciwon kan dawo masa da taurin kai, irin wanda maganin farko ba ya ci. Ina zai koma? Gangare, ko Rikkos, ko Anguwan Rogo, ko Bukuru. Zai shiga keke ɗaya da ke zuwa Terminus, ya tsaya sahu ɗaya da ɗanki, ya ɗauki jaririn ƙanwarsa. Ma'aikatan gidan ma kullum suna tashi aiki su koma cikin iyalansu. Haka ƙazuwa take fita, haka amai da gudawa. Katanga mutum take tsarewa, ciwo ta ƙofa yake fita da rana tsaka.

Batun abinci kuwa, a ƙarshen 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa Naira 750 ake ware wa fursuna a rana, karen tsaro kuma Naira 800. Daga baya gwamnatin tarayya ta ɗaga kuɗin fursuna zuwa Naira 1,125. Ki raba gida uku, kowane cin abinci Naira 375 ke nan, kuma a ciki ɗan kwangila zai cire haraji da ribarsa da kuɗin makamashin girki. Ke kike zuwa kasuwa, kin fi ni sanin abin da wannan zai saya. Gabzar da ake ba'a da ita a gari, ni na ga abin da take yi wa jiki: ƙafa ta kumbura, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, saurayi ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi.

Ganduroba kuma ba shi da mai yabonsa. Sai ranar da aka fasa gida ake tunawa da shi, a tuna da shi da zagi. Ranar Lahadi 28 ga Nuwamba 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan yarin Jos, fursunoni fiye da 250 suka tsere, aka rasa rayuka har da ma'aikaci. Ranar 5 ga Yuli 2022 aka fasa na Kuje a Abuja, fiye da 800 suka fice. A Suleja, cikin Afrilu 2024, ko bindiga ba a harba ba, ruwan sama ne ya rusa tsohuwar katanga fiye da mutum 100 suka gudu. Duk wanda ya kwana a Jos a daren Lahadin nan ya san kuɗin da aka ƙi kashewa a kan gidan yari ba ajiye shi aka yi ba, da fargaba muka biya.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, wadda ba ta shiga labarai. Idan ma'aikaci ɗaya ne ke gadin ɗakuna da yawa, da an kulle ƙofa da yamma mulki ya koma hannun manyan fursunoni. Su ke raba wurin kwana, su ke hukunci. Yaron da ya shigo saboda satar waya a hannunsu zai kwana shekara biyu, su ne malamansa. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuma, wata rana za a miƙa masa kuɗi ya shigo da ƙwaya ko waya, kuma ba kowa ke iya kawar da kai ba. Ba ina wanke mai yin haka ba ne, na yi aiki da mutanen da suka ƙi karɓa har suka yi ritaya ba su da gidan kansu. Ina gaya miki ne yadda ake ƙera ɗan sara-suka na gobe. Dokar 2019 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta canza sunan zuwa gidan gyaran hali, amma gyara sai da mai gyarawa: malamin sana'a, mai jinya, likitan ƙwaƙwalwa ga waɗanda ƙwaya ta taɓa. Inda aka sa hannu ana ganin amfani. A Kuje akwai fursunonin da ke karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ba tare da biyan kuɗin makaranta ba.

Za ki ce, daga ina kuɗin zai fito, asibitinmu ma babu magani? A nan ne nake ganin ni da ke ƙofa ɗaya ya kamata mu ƙwanƙwasa. A da, En'e ce ke riƙe da yawancin gidajen yarin Arewa, Yari ma sarauta ce a fada. A 1968 gwamnatin tarayya ta haɗe su duka a hannunta. Tun daga nan aka shiga wani tsari mai ban takaici: mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jiha ake zarginsu da karyawa, kotunan jiha ne suka tura su, amma Abuja ke ciyar da su. Wanda ke turawa ba shi ke biya ba, don haka ko fayil ya shekara uku a kan tebur babu abin da ya ragu a asusunsa. A Maris 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali. Yanzu babu gwamnan da zai ce ba huruminsa ba ne. Dokar 2019 ma ta ce idan gida ya cika ya wuce ƙima, a sanar da babban alƙalin jiha da kwamishinan shari'a cikin mako guda, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, har ta ba shugaban hukumar na jiha, tare da shugaban gida, ikon ƙin karɓar sabbin fursunoni.

Kuma rage cunkoso shi ne tanadin da ya fi kowanne. A Nuwamba 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Kuje da sakin mutum 4,068 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, da Naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. Mutane dubu huɗu ana ciyar da su kullum saboda sun kasa biyan tara. Da an sa irin waɗannan sharar kasuwa ko gyaran magudanar ruwa ƙarƙashin sa idon ma'aikaci, kamar yadda dokar ta tanada, da wuri da abinci da idon ganduroba sun koma kan irin wanda ya sari ɗanki. Shi nake so a tsare da kyau, a hukunta shi da wuri, ya fito ba da tarin fuka ba, ba da sabbin iyayen gida ba.

Saura haƙƙinki, wanda shi ya kamata a fara da shi a shirin nan, kuma na yi kuskure da ban ambace shi ba. Dokar shari'ar laifuka ta ba alƙali ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta diyyar asarar da ya yi, har da kuɗin magani. Mutane da yawa ba su sani ba, masu gabatar da ƙara kuma ba kullum suke nema ba sai an tuna musu. Idan an kama waɗanda suka yi wannan aiki, ki adana duk rasit na asibiti da na kemis, da takardar likita, ki ce wa mai gabatar da ƙara ya roƙi kotu diyya a gaban alƙali, kada ki yarda a kashe maganar a bayan fage.

Kafaɗar yaron kuma, kada a bar ta haka don an cire zare. Sara a wurin yakan taɓa jijiya. Idan yatsunsa suna yi masa sanyi ko ba ya iya ɗaga hannun sama da kai, a mayar da shi asibiti a duba, kada a jira. Na bar lambata wurin mai gabatar da shirin. Idan kin amince ki karɓa, zan zo har gida in duba raunin, wanke ciwo dai shi ne aikin da na iya.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, tsohon ma'aikacin jinya,
Jos.