Wasiƙa zuwa ga ɗana kan tafiyar bikin Glastonbury

Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zama a ƙasar mutane? Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Ka ce kai da abokan karatunka kun samu tikitin bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila, za ku kafa tanti ku kwana a fili, kana neman izinina. Na ga ya fi in amsa maka a rubuce, domin ka sake dubawa ranar da kake haɗa kaya.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko raina bai kwanta da tafiyar ba. Kiɗa dai malamai sun yi saɓani a kansa, kuma ni da na tashi ina jin kakaki da tambura a Ƙofar Fada ranar Hawan Daushe ba zan ce maka kunnena bai san daɗinsa ba. Amma giya da ƙwaya da cakuɗar maza da mata cikin dare, waɗannan babu malamin da ya yi saɓani a kansu, kuma suna nan a wurin da za ka. Abin da ya sauko da ni shi ne ka tambaya. Da ka ga dama da ka tafi ka dawo ban sani ba, ga teku tsakaninmu. Yaron da ya nemi izini a inda babu mai tilasta masa, ya cancanci a yarda da shi. Na amince ka je, amma ka karanta abin da ke tafe da idon basira.

Ka fara sanin inda za ka sa ƙafa. Wurin gonar shanun madara ce, sunanta Worthy, kusa da ƙauyen Pilton a yankin Somerset. Mai gonar, Michael Eavis, ya fara bikin ranar 19 ga Satumba 1970 da mutum kusan 1,500, kuɗin shiga fam ɗaya, har da kyautar madara. Yau mutum sama da 200,000 ke taruwa na kwana biyar a ƙarshen watan Yuni, kuma a 2025 kuɗin tikiti ya haura fam 370. Ka ce mawaƙanmu ma suna hawa dandalin, haka ne, Fela ya yi wasa a can tun 1984, Burna Boy ma ya yi a 2022 da 2024. Ni a matsayina na wanda ya ƙare aikinsa a kan ƙasar noma, abin da ya fi burge ni shi ne lokaci-lokaci sukan dakatar da bikin shekara guda, kamar yadda suka yi a 2012 da 2018, don gona ta huta ciyawa ta farfaɗo. Abin da manomanmu ke kira saura ke nan. Mutanen da suka iya haƙura da wannan maƙudan kuɗi saboda haƙƙin ƙasa, na ga alamar hankali a tare da su.

Ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, kuma gonar a kwari take. In aka yi ruwan sama, ƙafa dubu ɗaruruwa ta bi ta kai, sai fili ya zama caɓi har ƙauri. An ga haka a 1997, a 2005 kuwa ambaliya ta shanye tantuna da kayan mutane a ciki. Saboda haka kada gajiya ta sa ku kafa tanti a wuri na farko da kuka samu. Ku nemi tudu, nesa da hanyar da jama'a ke bi, nesa da ban-ɗaki. Ka sayi takalmin ruwa mai tsawo da rigar ruwa, ka ɗaure safa da kayan sawa na canji cikin leda. Kada sunan bazara ya ruɗe ka, dare na iya yin sanyi ƙasa da digiri 10, ga raɓa. Kuma komai tsananin sanyi, kada a shigo da garwashi ko risho ko murhun gas cikin tanti, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take sa mutum, daga nan sai labari. Ka san yadda ake rasa iyali guda a nan lokacin hunturu saboda kaskon wuta ko hayaƙin janareta a ɗaki rufe.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci, wato cunkoso. Kai ka san taron Sallah a Fada, inda in ka matsu sai ka faɗa wani lungu ka sha iska. Gaban dandalin kiɗa ba haka yake ba: gabanka shingen ƙarfe, bayanka dubban mutane, kowa yana son ya matso. A bikin Roskilde na ƙasar Danmak mutum 9 suka mutu a gaban dandali a 2000. A Duisburg ta Jamus mutum 21 a 2010. A Houston ta Amurka mutum 10 a 2021, har da ƙaramin yaro. Waɗannan duk ƙasashe ne masu tsari da 'yan sanda da motocin asibiti. Mu ma ba mu manta da turmutsitsin Mina na 2015 ba, wanda ya ci alhazai masu yawa har da namu na Najeriya.

Mutane suna zaton tattakewa ce ke kisa. Da yawa a tsaye suke mutuwa, domin matsi yana hana ƙirji buɗewa, numfashi ya gagara. Ni na ɗanɗana wannan a wurin jifa shekarar da na sauke farali. Ina tafe da ƙafata, sai na ji ƙafar ta bar ƙasa, jama'a na tafiya da ni inda ban nufa ba. Silifas ɗina ɗaya ya fita, na yi niyyar sunkuyawa, wani dattijo da ban san yarensa ba ya damƙe kafaɗata ya girgiza mini kai. Da na sunkuya a ranar, Allah kaɗai ya san ko da an haife ka. Don haka ka riƙe wannan da kyau. In ka ji jikin mutane yana taɓa ka ta ko'ina har ɗaga hannu ya yi maka wuya, lokacin fita ya yi, ko wane ne ke waƙa. Kada ka jira sai abin ya ɓaci. In har ya rutsa da kai, ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar ɗan dambe ya kare kansa, don huhunka ya samu wuri. Kada ka yi kokawa da igiyar jama'a, ka bi ta kana zamewa gefe-gefe duk lokacin da ta lafa. Waya ko hula ko takalmi in ya faɗi, ya tafi ke nan. Kada ka ɓata numfashi wajen ihu. Wanda ya faɗi kusa da kai, ka ɗago shi da sauri in kana iyawa. Mafi alheri dai ka tsaya daga baya ko daga gefe, inda kake ganin mafita. Akwai manyan allunan da ke nuna mawaƙin, kuma kunnenka ma zai gode maka, domin ƙarar gaban lasifika takan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, wadda minti 15 ya isa ta fara yi wa ji illa. Ka sayi abin toshe kunne, ba shi da tsada.

Sai maganar salla, wadda a kanta ne izinina ya rataya. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara da rabi na dare, daidai lokacin da manyan mawaƙa ke hawa dandali, kuma kafin biyar na safe ta kusa fitowa, lokacin da waɗanda suka raba dare suke tsakiyar barci. Ka ga Magariba da Asuba su ne za a fara ci maka. Babu ladan, babu maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, babu wanda ya san ɗan gidan wane ne kai a cikin mutum 200,000. Ka rubuta lokutan salla a takarda tun kafin ka bar gida, kada ka dogara da waya kaɗai, caji na ƙarewa. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take. Ka tafi da buta da dardumar da ba ta shan ruwa, domin ban-ɗakunan wurin da yawa masai ne na rami, babu ruwan tsarki a ciki. Akwai famfunan ruwa kyauta, ka riƙa cika jarka tun da rana. Kada ka ce kai matafiyi ne ka riƙa kasaru yadda ka ga dama: a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, cika salla zai yi. Juma'a ma za ta same ka a can, sai ka tambayi limamin masallacinku tun yanzu yadda za ka yi. Kuma kada kunya ta hana ka shimfiɗa darduma a bayan tanti. Mutanen can sun saba ganin kowane irin mutum, in ka natsu da abinka babu mai damunka.

Za a miƙo maka abubuwa da fara'a, da sunan kara. Kofin da ba a gabanka aka buɗe ba, ko wanda ka ajiye ka juya baya, ka bar shi, domin ana zuba wa mutane abin gusar da hankali. Za ka ga matasa suna shaƙar iska daga balan-balan suna dariya, ka sani tun Nuwamba 2023 dokar Ingila ta haramta mallakarta don maye. Ɗan ƙasa in aka kama shi da ƙwaya, gidansu zai koma. Kai kuwa da bizar karatu kake zaune, shari'a ɗaya tana iya rushe duk abin da muka tara shekaru muna ginawa. Ko ajiya aka ba ka, kada ka karɓi abin da ba ka san cikinsa ba. 'Ya'yan mutane mata da za ka gani, ka ɗauke su kamar yadda kake so a ɗauki ƙannenka, in ka ga wata cikin wahala ka kira ma'aikatan wurin.

Abokan tafiyarka nake so in sani. Ka turo mini sunayensu da lambar ɗaya daga ciki. Ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci tun ranar farko, saboda layin waya yakan cushe a irin wannan taro. Ku shiga tare ku fito tare, kada a bar kowa shi kaɗai da dare. Fasfo ka bar shi a gida, kuɗi da waya kuma su kwana a jikinka.

Ranar tashi ka naɗe tantinka ka tafi da shi, ka tsince turakun ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya. Shanu za su dawo kiwo a filin, kuma ƙarfe in ya shiga cikin saniya yana iya kashe ta, shi ya sa masu gonar suke bin filin da maganaɗisu bayan an watse. Kada naka ya kasance cikin abin da za su tsinta.

Ummanka ta so ta aiko maka da kilishi da dambun nama, na gaya mata doka ba ta barin a shiga Ingila da nama daga nan. Ta haɗa maka ƙuli-ƙuli da dabino da garin kunu, kawunka zai ba wani mai tafiya. Na sa maka ɗan abin da za ka sayi takalmin ruwa da bargo, ka duba asusunka. Kowace safiya bayan ka yi Asuba ka turo mata saƙo ko na kalma biyu ne, ka san halinta, ba za ta karya kumallo ba sai ta gani. In ka dawo kuma ka kira ni, ina son jin yadda ciyawar gonar take da irin shanun da suke kiwo.

Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Wassalam,
Mahaifinka.