Kada a yanke tabon nan tukuna

Gusau, Jihar Zamfara

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, can Fatakwal. Mu nan damina ta sauka, alhamdu lillahi.

Hoton kunnen 'yarmu da ka turo ya tsaya mini a rai. Ƙullutun nan da ya fito bayan hujin na san shi sarai, don irinsa ne a ƙeyata tun wani aski da ya ji mini ciwo. Likitoci na ce masa kiloyid. Ciwo ya warke, amma nama bai daina taruwa ba, har ya zarce bakin ciwon. Ya fi kama mu baƙar fata, wani gidan ma gado ne. Akwai tabo mai tudu da ke tsayawa iya ciwon ya lafa a hankali, amma kiloyid ba ya tafiya da kansa.

Don Allah kada ka bari a sa masa aska. Ni na yi wannan kuskuren. Wani wanzami ya yanke mini, na yi wata huɗu ina murna, sai ya dawo ya ninka, ga ƙaiƙayi cikin dare, ko wuyan riga ya taɓa wurin sai na zabura.

A asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na samu sauƙi. Allurar wani magani mai rage kumburi, triamcinolone, ake yi a cikin tabon kansa, duk mako 4 zuwa 6. Tana da zafi, ba zan ɓoye maka ba. Bayan ta uku ƙaiƙayin ya ɗauke, tabon ya yi laushi, ya fara kwanciya, sai dai wurin ya ɗan yi haske. An kuma ba ni facin silikon, wata 'yar roba mai laushi, ina mannawa aƙalla awa 12 kullum, har watanni.

Idan nata ya girma, likita zai iya cirewa, amma sai ya bi da allura da ɗan kunne mai matsewa, don yanka kaɗai kan dawo da shi. Akan kuma gasa wurin da hasken wata na'ura bayan tiyata, amma ba a saurin yi wa yara.

Ku nemi likitan fata nan kusa da ku, kuma kada a ƙara mata huji. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce ta kwantar da hankalinta. Duk abin da likitan ya faɗa, ka kira ni.

Naka amini,
daga Gusau