Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministar Al'adu, Hajiya Hannatu Musa Musawa

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto miki ne a kan makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo na karkara, da yadda sauyin yanayi ke cin sana'arsu. Na san za a ce zancen ambaliya da kwararowar hamada na Ma'aikatar Muhalli ne. To, amma waɗannan mutanen naki ne, Hajiya, kuma ba su da wata ƙofa da ta wuce taki.

Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan, Jigawa na cikin inda abin ya fi muni. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye rabin Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 sai ga na Mokwa. Can kuma a Yusufari ta jihar Yobe, tudun yashi ne ke binne gonaki da dabino. Duk an ƙidaya gidaje da gadoji da buhunan hatsi. Ba wanda ya ƙidaya gangunan da aka rataye.

Kiɗan ƙasar Hausa damina yake bi. Manomi ya kira gayya, mai gangar noma ya tsaya a bakin kunya yana kiran sunan kowane saurayi da kirarin ubansa, garma na tashi tana sauka daidai da gula. In kaka ta yi kyau, sai kalankuwa da dambe da kokawa, 'yan mata su fito dandali da gaɗa. Yanzu ruwa yakan yi jinkiri har shuka ta ƙone, sannan ya zo gaba ɗaya ya kwashe abin da ya saura. Samarin da za su amsa gayya suna Legas da Abuja suna acaɓa. Wanda bai cika rumbu ba, da me zai yi wa makaɗi kari? Ko bikin Argungu da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ai kogin Matan Fada ne ke riƙe da shi. Ranar da ruwan ya gaza, ba homa, ba gora, ba masu kiɗa cikin kwale-kwale.

Sai maganar itace, wadda ita ta fi ci mini rai. Masassaƙin ganga ba kowane icce yake sara ba. Yakan nemi alilliba ko ƙirya ko kawo da ya ƙosa, ya ƙwanƙwasa gungumen da ƙotar gizago, ya kara kunne ya ji ko zai yi amo, kafin ya fara rarake shi. Yau sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga irin wannan icce a tsaye. Ƙirya ta tafi a buhunan gawayi, maɗobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da hukumar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan daji tsakanin ƙasashe, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya. Ɗan masassaƙi da bai ga itacen ba, ina zai koyi sassaƙar?

Duk da haka ba su yi shiru ba. Ranar wata kasuwa na tsaya kallon wasu samari suna wasa: ɗaya ya fito da babbar riga a matsayin alhajin da ya gina shago a kan magudanar ruwa, sauran suka lulluɓa da shuɗin zane suna rawa suna matso shi, mai kalangu na ƙara wuta, har suka zagaye shi suka ɗauke. Mutane suka yi ta dariya, daga baya kuma aka koma gardamar kwalbatin unguwa da wanda ya toshe ta da leda. Ba wanda ya biya yaran nan ko sisi. Haka mawaƙa a gidajen rediyon jihohi, haka matasa masu waƙar baka a TikTok, kowa na faɗin abin da idonsa ya gani.

Gwamnati ta taɓa sanin darajar wannan. Lokacin Yaƙi da Jahilci, da komawa tuƙin hannun dama a 1972, da shigowar naira da kwabo a 1973, bakin makaɗa ne ya kai saƙo ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Yanzu kuwa sai an yi baƙo ake tuna 'yan koroso, su yi tsalle a filin jirgi cikin rana, a sallame su da abin da bai kai kuɗin mota ba.

Ga roƙona. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, har da fassarar Hausa, amma a takarda yake ƙarewa. Ki zauna da su da Ministan Muhalli, a ɗauki ƙungiyoyin kiɗa da rawa na ƙananan hukumomi aiki na gaskiya, da yarjejeniya da biya a kan lokaci, su zaga kasuwanni daga watan Maris suna faɗa wa manomi yaushe zai yi shuka, da garuruwan da ya kamata su yi shirin tashi. Kuɗin kuma ya shiga hannun masu wasan, kada ya maƙale wurin 'yan kwangila. Sannan hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, mai aiki a jihohi 11 na Arewa, a sa ta riƙa renon alilliba da ƙirya da kawo a gandayen dashenta, a kuma tambayi masassaƙa da sarakunan kiɗa irin itacen da suke buƙata. Icce irin wannan yakan yi shekaru da yawa kafin ya isa sassaƙa, don haka dashen daminar bana ya kamata a fara da shi.

Allah ya yi miki jagora. Wassalam.