Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Guntun Fim

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a kan faifan Spaceballs mai fassarar Hausa da kamfaninku ya fitar, wanda na saya makonni uku da suka wuce. Sau biyu ina komawa shagonku, yaron da ke tsare da wurin yana ce mini haka ya zo. Na buga lambar da ke bayan kwalin har na gaji, ba a ɗaga ba. Shi ya sa na fito da maganar fili.

A jikin kwalin kun rubuta "cikakken fim". Fim ɗin da Mel Brooks ya shirya, wanda ya fito a Amurka a 1987, tsawonsa minti 96 ne. Naku da na sa a na'ura, minti 74 ya nuna. Ina sauran minti 22 suka shiga?

Ba baƙona ba ne wannan fim. A kaset na haya na fara ganinsa, a gidan kawuna a Kaduna, ina ɗan firamare. Turancinmu a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma muka yi ta dariya har da hawaye, domin irin wannan barkwanci da ido ake cin sa: tuntuɓe, karo, faɗuwa, mutum ya cika baki sannan ƙofa ta buge shi. Wannan dariyar nake so yarana su ɗanɗana, kuma da na ga an fassara shi da Hausa, har ga Allah na yi murna.

Da a ce wuraren da bakin 'yan wasan ya yi kaushi kuka cire, da godiya zan yi muku, don akwai su a ciki kuma da yara zan kalla. Waɗannan kun bar su. Abin da kuka yanke shi ne gishirin fim ɗin.

A farkonsa, kumbon mugaye yana wucewa ta gaban mai kallo sama da minti ɗaya, ana zaton ya ƙare sai wani sashe ya sake bayyana. Shaguɓe ne ga yadda fim ɗin Star Wars na 1977 ya buɗe da ƙaton kumbo, kuma tsawon shi ne abin dariyar. Ku kuwa kuka ga kamar ɓata lokaci ne, kuka datse shi ya koma 'yan daƙiƙu.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wurin kaset. Mugayen sun rasa inda jarumai suka ɓuya, sai suka ɗauko kaset ɗin shi kansa fim ɗin da suke ciki, suka sa a bidiyo, suna turawa gaba, har suka iso daidai lokacin da suke tsaye, suka ga kansu a talabijin suna kallon kansu. Wannan ya ɗaga hannu, na cikin akwatin ma ya ɗaga. A shekarun da kaset ke mamaye gidaje aka yi wannan wasa, kuma duk wanda ya san fim ɗin yana tuna shi. Ina kyautata zaton mai yi muku yanka ya ga hotuna suna gudu da sauri ya ɗauka faifai ne ya lalace. Ya cire wurin gaba ɗaya. To, a nan ne mugayen suka gano cewa jaruman suna cikin hamada. Da aka cire, sai labarin ya tsinke. Babban ɗana ya juyo ya ce, "Baba, wa ya gaya musu?" Dole na tsayar da faifan na ba su labarin da baki.

Sai hoton. An ɗauki fim ɗin ne da faɗi irin na sinima, ku kuma kuka yanke gefe da gefe don ya cika tsohuwar talabijin, aka yi asarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. Akwai inda aka umarci sojoji su bincike hamada. A Turanci kalmar taje gashi ana amfani da ita da ma'anar bincike ƙwaƙwaf, sai sojojin suka ɗauki umarnin yadda ya fito, suka jawo manya-manyan matazai suna taje yashi. A faifanku rabin matajin ya fita daga hoto. Mai fassara kuma cewa kawai ya yi, "suna neman su". Da ya ce "ku taje mini hamadar nan", da Bahaushe ya gane a take, don kalmar tana nan a harshenmu.

Ban raina aikin masu fassara ba. Sun buɗe wa iyayenmu mata da matasa da yawa ƙofar fina-finan da da ba za su fahimta ba, kuma na san zaman ɗakin ɗaukar murya ba wasa ba ne. Amma wannan mai fassarar yana riga abu faruwa. Ɗan wasa Rick Moranis, ɗan ƙaramin mutum cikin ƙatuwar hular ƙarfe, ya ƙi ɗaura bel a lokacin da kumbo ke gudun wuce hankali, aka taka birki, ya tashi sama ya kifa da ka. Tun kafin a taka birkin mai fassara ya ce, "yanzu zai sha ƙasa". Ga shi kuma sautin karon sai bayan ya faɗi yake zuwa. Barkwancin jiki a kan daƙiƙa ɗaya yake tsayawa. Yarana suka kalli wurin shiru. Haka marigayi John Candy, wanda ya rasu a 1994, da ya fito rabi mutum rabi kare: motsin kunnuwansa da wutsiyarsa ne wasan, amma surutu ya cika wurin har ba a samu sararin lura da su ba.

Abin da nake nema, Malam Manaja, ba mai yawa ba ne. Ku ba ni faifai cikakke mai faɗin hotonsa na asali, ko ku mayar mini da kuɗina. Waɗanda suka rage a shago, ku goge "cikakken fim" daga kwalinsu, ku rubuta tsawon da ke ciki na gaskiya, mai saye ya san me yake biya. In kuma za ku sake fassarawa, ku bar mai fassara ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe kafin ya zauna gaban makirufo.

Faifan da rasit ɗinsa suna hannuna. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zan sake zuwa shagon, ina fatan in tarar da wanda zai iya yanke hukunci.

Wassalam.
Mai sayen fina-finanku, daga Zariya.