Koken iyaye mata masu ƙananan yara zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe mu talakawanka ne, matan cikin garin Argungu da ƙauyukan gefen fadama, yawancinmu masu goyo, wasu zawarawa, wasu mazan sun tafi ci-rani Legas ko Fatakwal sai dai waya. Mun taru mun ce gara mu kawo kukanmu gida.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 awo ya gagare mu, ga shi daman ba mu gama farfaɗowa daga ambaliyar 2020 da ta cinye mana shinkafa ba. Amma wallahi ba yunwar kaɗai ta sa muka rubuto ba, abin da take yi wa zuciya ne. Mace ta tashi tun asuba ta dama koko, ta ɗebo ruwa, ta turara shinkafar mutane ta shanya don ta samu na cefane, ga na goye yana kuka ga na yaye ya riƙe zani, maigida ya dawo hannu rabbana, to a kan wa za a huce? A kan yaron da bai san komai ba. Muna dukan ɗiyanmu kan abin da bai kai ya kawo ba, dare ya yi mu zauna muna kuka, wannan gaskiya ce ko da kunya.

Akwai masu jego da ke daina barci, su daina magana, ko nonon ma ba su son bayarwa, sai a ce iska ce a kai ta ruƙiyya alhali damuwa ce ke cinta. Da can kaka da gwaggo ke riƙe mace har ta yi arba'in, yanzu kowa ta kansa yake.

Ranka ya daɗe mun ga yadda ka tsaya kan allurar shan inna, masu unguwanni da limamai da ungozomomi suka bi gida-gida har aka ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Hanyar nan muke roƙo a sake bi saboda mu. A ba mu zaure ɗaya a kowace unguwa, mu haɗu sau ɗaya a sati da ma'aikaciyar lafiya da dattijuwa, a auna hannun yara saboda tamowa, mu ma a tambaye mu ya muke, adashinmu da karɓa-karɓar raino mu za mu tsara da kanmu. Limamai kuma don Allah su taɓo maza a huɗuba, ɗaukar yaro na awa ɗaya ba ya rage girma. In kaka ta yi, mai unguwa ya san gidan marayu da na zawarawa, a fara da su wajen zakkar shinkafa.

A shirye muke mu turo wakilanmu fada duk ranar da aka kira mu.

Allah ya taimaki Sarki.
Talakawanka, iyaye mata na Argungu da kewaye